Will Friedle: Fuska Ta Fito Da Shi, Murya Ta Rufa Masa Asiri

Daga Wakilinmu

Wata rana ana cikin ɗaukar wani fim na talabijin na kamfanin Disney, wanda aka nuna cikin 1999, sai wani abu ya sami babban ɗan wasan fim ɗin, wani saurayi Ba'amurke wanda bai wuce shekara 23 da haihuwa ba. Yana tsaye gaban kyamara, yana cikin faɗar maganar da ya haddace, sai wata irin firgita ta auka masa haka kawai, ba wanda ya taɓa shi, ba kuwa wani abin tsoro a wurin. Ya daure ya kai ƙarshen maganarsa. Abin mamaki, wannan ɗauka ɗin ce masu fim suka zaɓa suka sa a ciki. Bayan shekaru masu yawa, da bakinsa ya ba da labari cewa yana iya kunna fim ɗin ya nuna daidai wurin da ciwon ya fara kama shi.

Sunan wannan saurayi Will Friedle, sunan fim ɗin kuwa H-E Double Hockey Sticks. A lokacin yana cikin samarin da aka fi sani a talabijin ɗin Amurka, kowa kuma yana tsammanin gaba ta fi baya yawa. Amma kafin shekara 7 ta cika sai fuskarsa ta ɓace daga allo, har masu kallo suka shiga tambayar ina ya shiga. Alhali kuwa bai tafi ko'ina ba. Yana nan cikin ɗakunansu kullum, 'ya'yansu suna sauraronsa, sai dai ba su gan shi ba. Hausawa kan ce gani ya kori ji, to, a wajen wannan bawan Allah ji ne ya kori gani. Ga yadda abin ya kasance.

Daga Avon zuwa Hollywood

An haifi Will Friedle ran 11 ga watan Agusta, 1976, a birnin Hartford cikin Jihar Connecticut, ya kuwa tashi a wani ƙaramin gari da a ke kira Avon. Shi ne auta cikin 'ya'ya maza 3, mahaifinsa da mahaifiyarsa duka lauyoyi ne. Tun yana makarantar firamare ya ƙwallafa rai a kan wasan kwaikwayo, har ya riƙa yin tafiyar sa'o'i daga Avon zuwa birnin New York don gwaji a gaban masu neman 'yan wasa. Yana da kimanin shekara 12 ya shiga cikin yaran da ke gabatar da wani shiri mai suna Don't Just Sit There a tashar yara ta Nickelodeon.

Babban rabonsa ya zo cikin 1993, yana da shekara 17. Ran 24 ga watan Satumba na wannan shekara tashar ABC ta fara nuna wani wasan barkwanci mai suna Boy Meets World, wanda a ke sawa kowace Jumma'a da dare, lokacin da iyali kan taru gaban akwati. Labarin wani yaro ne, Cory Matthews, mazaunin birnin Filadelfiya, yadda ya ke girma tsakanin gida da makaranta. Ben Savage ne ya fito a Cory, Friedle kuwa ya fito a wansa, watau Eric. Wasan ya yi zango 7, kashi 158, bai tsaya ba sai ran 5 ga watan Mayu, 2000.

Da farko Eric kyakkyawan saurayi ne kawai, wanda 'yan mata ke rububi. Da marubutan wasan suka ga yaron yana da baiwar ban dariya, sai suka yi ta karkata shi, har ya zama wawan gidan, mai shirme amma mai kyakkyawar zuciya. Abin da masu kallo suka fi riƙewa game da shi kuwa shi ne yadda ya kan tsaya a bayan gida ya ƙwala wa maƙwabcinsu kira, wani dattijon malamin makaranta mai suna Feeny, wanda William Daniels ya fito a matsayinsa. Ya kan ja sunan nan, ya lanƙwasa shi, ya karya shi gida-gida, har kiran ya zama tambarinsa. Ashe tun a nan muryar ta fara nuna kanta, ba wanda ya kula.

Girma ba ya yi wa kowa daɗi

Sanin kowa ne a Hollywood cewa yaron da ya yi suna da ƙuruciya, girma kan zame masa masifa. Abin da a ke so a wurinsa ƙuruciyar ce, ita kuwa ba ta zama. Tun zamanin fim marar magana a ke ganin haka. Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a fim ɗin The Kid cikin 1921, ya tara miliyoyin daloli, amma da ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye kusan duka. Ƙarar da ya kai su ce ta sa Jihar Kalifoniya ta kafa doka cikin 1939, wadda a ke kira da sunansa, don kare dukiyar yara 'yan wasa. Bayan gyaran da ya fara aiki cikin 2000, tilas ne a ajiye wa yaro kashi 15 cikin 100 na abin da ya samu a wani asusu na musamman. Amma doka kuɗi ta ke iya tsarewa. Ba ta iya tsare wa yaro kasuwarsa ranar da gemu ya fito masa, balle kwanciyar hankalinsa.

Friedle ya san da haka, saboda haka tun wasan nasu yana tashe ya shiga neman hanyar manyan finafinai. Cikin 1997 ya ja ragamar wani fim mai suna Trojan War tare da Jennifer Love Hewitt. An kashe wajen dala miliyan 15 a kansa, amma kamfanin Warner Bros. ya sake shi a gidan silima ɗaya tak, abin da ya samo kuwa dala 309 ne. Cikin 1998 ya yi My Date with the President's Daughter na talabijin, wanda ya karɓu ga yara. Daga nan sai fim ɗin da muka fara ambata, inda ya fito a wani ɗan shaiɗan mai koyon aiki da aka aiko duniya ya sace ran wani ɗan wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara. A nan ne ciwo ya same shi.

Ƙofar da aka buɗe kafin a rufe wata

Wani hani ga Allah baiwa ne. Kafin wannan rana, wani aiki ya riga ya faɗo masa wanda bai taɓa yin irinsa ba. Sashen katun na Warner Bros., watau masu yin fim da hotunan zane masu motsi, suna shirya sabon labarin Batman, jarumin nan mai shigar jemage da ke yaƙar miyagu a birnin Gotham. Bruce Timm da Paul Dini da Alan Burnett ne suka tsara shi, suka sa masa suna Batman Beyond. Suna neman muryar saurayi. Friedle ya sha faɗin cewa matar Bruce Timm ce, da ya ke tana kallon Boy Meets World, ta ba mijinta shawara a gwada shi.

A cikin labarin, Bruce Wayne, Batman na asali, ya tsufa, zuciyarsa ta raunana, yana dogara sanda. Sai ga wani ɗan makarantar sakandare, Terry McGinnis, wanda aka kashe masa uba, ya gano asirin tsohon, ya ɗauki rigar. Daga nan yaro ke fita fagen fama, tsoho kuwa yana zaune cikin kogo a ƙarƙashin gidansa, yana yi masa magana a kunne ta rediyon da ke cikin rigar, yana gyara masa kuskure. An fara nuna shi ran 10 ga watan Janairu, 1999, ya yi kashi 52 zuwa 2001, har ya ci lambar Emmy ta shirye-shiryen rana a shekarar ƙarshe.

Abin da ke cikin labarin kusan shi ne ya faru a ɗakin ɗaukar murya. Wanda ya ke ba tsohon murya shi ne Kevin Conroy, wanda ya koyi wasa a makarantar Juilliard ta New York, ya kuma riƙe muryar Batman tun 1992. Friedle ya shigo bai san kan aikin ba, Conroy ya ja shi a jiki, ya zame masa malami, daga baya suka zama aminai. Mai ba da umarnin murya kuwa wata mata ce, Andrea Romano, wadda ta shahara wajen tara 'yan wasa duka a ɗaki ɗaya su yi wasan tare, maimakon a ɗauki kowa shi kaɗai. Cikin 2000 aka yi fim ɗin Return of the Joker a kan wannan labari, inda Friedle ya zauna fuska da fuska da Mark Hamill, jarumin Star Wars, wanda shi ma ya yi sabon suna da muryar mugun nan Joker.

Yadda a ke aikin

Mai karatu da ya saba da finafinan Indiya da a ke fassarawa da Hausa ya san wani reshe na wannan sana'a. A can hoto ne ke gaba, mai murya yana bin bakin ɗan wasa. A katun ɗin Amurka kuwa galibi murya ce ke gaba. A kan ba 'yan wasa takardar labari, su zauna gaban makirufo kamar masu wasan kwaikwayo na rediyo, a ɗauki maganarsu tun ba a zana kome ba sai ɗan taswirar yadda labari zai gudana. Sa'an nan a auna tsawon kowace kalma, a aika wa masu zane, waɗanda a wancan zamani yawancinsu suna Koriya ta Kudu da Japan, su zana motsin baki da na gira da na kafaɗa bisa abin da suka ji. In zane ya dawo bayan watanni, sai a sake kiran 'yan wasa su cike gurbi, su yi nishin faɗa da ihun faɗuwa da sauran irinsu.

Watau dai mai murya shi ne ke fara halittar mutumin, mai zane ya bi sawunsa. Ba shi da ido ko hannu da zai taimake shi. In tsoro ne, ko ƙarya, ko ƙauna da a ke ɓoyewa, duk sai sun fito ta maƙogwaro. Wahalar aikin ke nan. Sauƙinsa kuma, ga mutum irin Friedle, shi ne ba kyamara, ba fitilu, ba taron 'yan kallo, ba kwalliya, ba haddar magana tun da takarda na gabanka, ba kuwa wanda ya damu ko ka yi ƙiba ko ka rame. In magana ta karye sai a sake, ba wanda ya yi asarar yini.

Ciwon da ba ya nuna a fuska

Abin da ya kama Friedle shi ne abin da likitoci ke kira ciwon fargaba. Mai shi kan ji firgita ta taso masa farat ɗaya ba dalili. Zuciya ta riƙa bugawa da ƙarfi, numfashi ya yi wuya, gumi ya keto, jiki ya ɗauki rawa, har mutum ya ɗauka ajalinsa ne ya zo. Yawanci abin kan kai maƙura cikin 'yan mintoci, sa'an nan ya lafa. Amma mugun abin shi ne tsoron dawowarsa. Sai mutum ya fara gudun duk wurin da abin ya taɓa kama shi, yau ya bar wannan, gobe ya bar wancan, har duniya ta ƙuntace masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da nau'o'in ciwon fargaba a duniya, kuma kimanin 1 cikin 4 ne kaɗai na masu bukatar magani ke samunsa.

A kan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma wannan ciwo ya ƙaryata karin maganar, musamman ga wanda sana'arsa ita ce sarrafa fuska. Friedle ya ci gaba da ba mutane dariya kowace Jumma'a. An ɗora shi a kan magani, maganin kuwa, kamar yadda ya bayyana daga baya, ya sa shi ƙiba, abin da masu kallo suka gani a zangon ƙarshe na wasan, tsakanin 1999 da 2000. Marubuta ma har suka shirya kashi guda a kan ƙibar Eric da ta Topanga, wadda Danielle Fishel ta ke fitowa a matsayinta. Jama'a suka yi ta dariya, ba su san abin da ke ƙarƙashi ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Bayan an rufe wasan ya ɗan ƙara taɓawa. Ya fito a Go Fish cikin 2001 da The Random Years cikin 2002, dukansu ba su yi nisan kwana ba. Ya yi wasu 'yan finafinai zuwa 2005. Amma zuwa gwaji gaban baƙin fuska, wanda shi ne abincin yau da kullum na ɗan wasa, ya zame masa azaba. Sai ya janye, ya koma inda ba a ganinsa.

Shekarun bayan labule

Janyewar ba zaman banza ba ce. Ran 7 ga watan Yuni, 2002, tashar Disney ta fara nuna Kim Possible, labarin wata 'yar makaranta da ke ceton duniya bayan an tashi daga aji. Christy Carlson Romano ce ta ba Kim murya, Friedle kuwa ya ba abokinta Ron Stoppable, wani matsoraci mai yawan ci da ɓarin baki, wanda duk da tsoronsa ba ya barin abokiyarsa ta shiga haɗari ita kaɗai. Wanda ya ji muryar Terry McGinnis mai nauyi, ya kuma ji ta Ron mai tsalle-tsalle, da wuya ya yarda maƙogwaro ɗaya ne. Shirin ya yi kashi 87 zuwa 2007, ciki har da finafinai 2 na talabijin.

Daga nan aiki ya yi ta bin aiki. Cikin 2008 ya zama Blue Beetle a Batman: The Brave and the Bold. Cikin 2011 ya zama Lion-O a sabon ThunderCats, inda Larry Kenney, wanda ya riƙe wannan murya a na asali na 1985, ya fito a mahaifinsa. Daga 2015 zuwa 2019 shi ne Star-Lord a katun ɗin Guardians of the Galaxy na kamfanin Marvel. Akwai kuma wani da ya cancanci a tsaya a kansa. A shirin Transformers: Prime akwai wani mutum-mutumin ƙarfe, Bumblebee, wanda aka lalata masa maƙogwaro a yaƙi, ba ya magana sai 'yar ƙara irin ta na'ura. A kashin ƙarshe, cikin 2013, maganarsa ta dawo, muryar da ta fito kuwa ta Friedle ce. Ya ci gaba da riƙe ta a shirin da ya biyo baya, Robots in Disguise, daga 2015 zuwa 2017.

Komawa gaban kyamara

Cikin 2014 Disney ta farfaɗo da tsohon labarin da sunan Girl Meets World, inda Cory da Topanga suka zama iyaye. Friedle bai fito a zangon farko ba. Cikin 2015, bayan kimanin shekara 10 rabonsa da irin wannan aiki, ya sake shiga rigar Eric, wanda a labarin ya zama magajin wani ƙaramin gari, daga bisani har ya ci zaɓen sanata.

A watan Oktoba na 2018, a wani babban taron masu sha'awar katun da littattafan zane a New York, aka tara 'yan wasan Boy Meets World don cikar wasan shekara 25. A nan ne, gaban jama'a, ya fasa ƙwai. Ya ce fargaba ce ta kai shi ga aikin murya, ya yi niyyar ci gaba da fitowa a allo amma ciwon ya hana shi, ya kuma gode da ya ke yana da wannan aiki a hannu, don ya ba shi damar ci gaba da wasa. Cikin 2022 shi da Danielle Fishel da Rider Strong suka buɗe wani shirin hira da a ke saurara ta intanet, Pod Meets World, suna bin tsohon wasansu kashi-kashi suna faɗin daɗinsa da ɗacinsa. A wannan shekara kuma ya buɗe wani tare da Christy Carlson Romano, I Hear Voices, suna hira da masu sana'ar murya. Amma shekarar ba ta ƙare masa da daɗi ba, don ran 10 ga watan Nuwamba malaminsa Kevin Conroy ya rasu yana da shekara 66, bayan fama da ciwon daji. Cikin 2024 almajirin ya sake ba Terry McGinnis murya a wani fim ɗin katun na Justice League.

Abin lura

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ɓuya a ɗakin murya ita ce ta warkar da shi. Likitocin wannan fanni sun yi ittifaƙi cewa gudun abin da a ke tsoro ba ya kashe fargaba, sai ma ya ƙara mata ƙarfi. Abin da ke taimako shi ne magani da zama da masana, da komawa sannu-sannu ga abin da aka guda. Abin da aikin murya ya yi wa Friedle shi ne ya riƙe masa sana'a da mutunci da abin sawa a baki, har lokacin da ya sami ƙarfin fitowa. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi tashe da ƙuruciya ba su sami wannan rufin asiri ba, don jarinsu ɗaya ne, fuska, ranar da ta daina ciniki kuwa shi ke nan.

A nan akwai abin dubawa ga iyayen yaran da ke fitowa a finafinanmu, da masu ɗaukarsu aiki. Yaron da a ke tafa wa yau, lalle ne a koya masa wani abu ban da tsayawa gaban kyamara, ko rubutu, ko murya, ko haɗa hoto, tun kasuwarsa tana ci. Haka kuma wanda ya ji irin alamun da muka zana a sama, kada kunya ta sa ya yi shiru, kada kuwa a yanke masa hukuncin ragwanci ko raunin imani. Ciwo ne kamar kowane ciwo, akwai kuma asibitocin Gwamnatin Tarayya na wannan fanni a Kaduna da Kware da Maiduguri da Yaba da Aro ta Abeokuta.

Shi dai fim ɗin nan na 1999 yana nan, da ɗan shaiɗansa mai ban dariya. Dubban yara sun kalle shi sun ƙyalƙyale. Mutum ɗaya ne kaɗai ya san abin da ke gudana a ƙirjin saurayin da ke cikin hoton, shi ma sai da ya yi kusan shekara 20 kafin ya tsaya gaban taro ya faɗa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na fili da na ɓoye.